Accord mai ƙofa biyu: wane kayan 'yar ƙofa huɗu ne zai hau kanta?

Duk mai Honda Accord 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2007 mai ƙofa biyu ya san wahalar da ake sha ranar da aka fasa masa fitila. Ka shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kayan mai ƙofa huɗu, wadda ake kira EOD da DC, jibge suke kamar a ba ka kyauta, amma na mai ƙofa biyu sai an tona. Nan ne mai shago zai ce maka, “Alhaji, ai duk abu ɗaya ne, ɗauki wannan.” Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuwa kuɗinka za ka zubar.

A fitilar gaba yana da gaskiya. A wannan zubin, fitila ɗaya ce ke hawa motocin biyu, don haka kada ka yarda a tsawwala maka kuɗi da sunan ta mai ƙofa biyu ce. Haka injin: mai lita 2.4 da V6 mai lita 3.0 duk ana samunsu a kowacce, kuma in injin motocin biyu iri ɗaya ne, yawancin kayansu na shiga juna.

Daga nan sai hanya ta rabu. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a mai ƙofa huɗu milimita 2,740 ce, a mai ƙofa biyu 2,670. Ƙofarta ta fi tsawo, rufinta ya fi kwanciya, gilasan gefe da na baya daban, murfin but da bambar baya ma daban. Fitilar baya kuwa ko kusa ba ta shiga, kuma ko a cikin gida ɗaya sai ka kula da shekara, domin a 2006 Honda ta sake fasalin bayan motocin biyu ta koma fitilar LED. Idan taka 'yar 2008 zuwa 2012 ce, to har fitilar gaban ta bambanta.

Zaɓi uku ke gabanka. Na fi son asalin kayan Honda da aka cire daga wata mota, wato beljiyam, ko da za ka jira mako guda a kawo daga Ladipo a Legas. Ka juya bayan fitilar ka duba kunnuwan da ake ɗaure noti, don nan ake liƙe karaya da gam a shafe da baƙin fenti. Ka ɗaga ta a rana: in ka ga busasshen tabon ruwa a ciki, damina na zuwa za ta yi gumi. Sabbi 'yan Taiwan irin su DEPO da TYC ba laifi gare su, sun fi tsohuwar da ta yi jawur ta dushe, sai dai ka karanta kwalin da kyau ka ga wace mota aka rubuta.

Na ukun shi ne abin da nake roƙon mutane su guje wa: a ba mai gyaran bodi ya yanka ƙarfe, ya yi walda, ya cike da fila don fitilar 'yar ƙofa huɗu ta zauna. Ranar farko za ta yi kyau. Bayan wata biyu a kan hanya mai gargada filar ta tsage, ruwa ya riƙa taruwa a ramin safaya, tsatsa ta kama, ranar sayarwa kuma dillali ya karya farashi.

Abin da zai raba gardama shi ne lamba. A lambar shasi, CM5 da CM6 mai ƙofa huɗu ce, CM7 da CM8 mai ƙofa biyu. A jikin kayan kuma, haruffan tsakiyar lambar Honda sukan nuna: SDA na mai ƙofa huɗu, SDN na mai ƙofa biyu. Kada ka firgita in ka ga SDA a fitilar gaban motarka, tunda tarayya suke yi. Ka guji fitilar da aka ciro daga motar da sitiyarinta ke dama, domin haskenta zai karkata zuwa idon masu tahowa. Sannan ka tafi kasuwa da tsohuwar fitilar a hannu da bakanikenka, a gwada a jikin motar kafin ka ƙirga kuɗi.