Kafin ka sayo kafasita don gyaran akwatin wutar tsohuwar kwamfuta

Duk wanda tsohuwar kwamfuta ta faɗo hannunsa, ko wadda aka jingine a sitan ofis ce ko 'yar gwanjo daga Turai, abin da yake fara yi shi ne ya jona ya ga ko za ta tashi. Ka ɗan dakata tukuna. A na'urar da ta shekara 25 ko 40, akwatin wuta, wato sashen da ke mayar da wutar gida zuwa wadda kwamfuta ke sha, shi ne ke fara gajiya, kuma in ya tashi lalacewa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja allon kwamfutar su tafi tare. A cikinsa kuwa kafasita, wato kayan da ke adana wuta na ɗan lokaci suna tace ta, su ne suka fi saurin tsufa. Sai dai ba iri ɗaya ba ne, kuma ba dukansu suka cancanci kuɗinka ba. Mutane da yawa kan kashe kuɗi a kan manyan da lafiyarsu ƙalau, su bar ƙananan da ke ɗauke da cutar.

Wanda ba a jayayya a kansa

Daf da inda wayar wuta ke shiga akwatin, a kwamfutocin shekarun 1980 irin su Apple II da BBC Micro, za ka ga wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, ruwan zuma, kamar alewa, an rubuta RIFA a jikinsa. Wani kamfanin Suwidin ne ya ƙera shi. Takarda ce a cikinsa, aka lulluɓe ta da roba mai tauri. Shekaru na tafiya robar na tsattsagewa, danshi ya shiga, ranar da aka ba shi wuta sai ya fashe, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi mai warin da kan kwana biyu bai fita ba. Haska shi da tocila, za ka ga tsagar kamar zanen gashi. Ko ba ka ga tsaga ba, cire shi.

Abin da za ka saka a madadinsa dole ya zama an buga masa X2 a jiki, da bolt 275 ko 305 na wutar AC, wato irin wutar gida. Wannan alamar ita ke nuna an yi shi don zama tsakanin wayoyin wutar gida biyu. Idan wanda ka cire yana tsakanin waya da jikin akwatin ne, to Y2 za ka nema, kuma ba a musanya su. Mai shago zai iya miƙo maka wani ja ko kore mai 400 ko 630 ya ce ai ya fi ƙarfi. Kada ka karɓa. Ba yawan lamba ake nema a wannan gurbin ba, ana neman wanda aka gwada shi a kan tsalle-tsallen wutar gida. Kuɗinsa kaɗan ne, babu dalilin yin tsumulmula a nan.

Manyan gwangwanaye

Su ne ke fara ɗaukar ido: guda biyu masu bolt 200 a akwatin da ke da makunnin 115 da 230 a bayansa, ko guda ɗaya mai 400. Su suka fi tsada, kuma sau da yawa su suka fi daɗewa da rai. In samansu bai kumbura ba, gindinsu bai jiƙe ba, mita ta nuna ƙimarsu na kusa da abin da aka rubuta, bar su. Abin lura kawai, wutar 230 kan taru a cikinsu ta kai kusan 325, kuma tana iya zama bayan an zare waya. A sauke ta da rasista, wato ɗan kayan da ke turje wa wuta ya zuƙe ta a hankali, a auna, sannan a sa hannu.

Tun da an ambaci makunnin nan, in na'urar daga Amurka ta zo, duba shi kafin komai. Akwatin da aka bari a kan 115 aka jona shi da wutarmu, gyaransa ya wuce na kafasita.

Ƙananan da ke bakin fita

Nan ne aikin yake. Waɗannan ne ke tace wutar bolt 5 da ta 12 kafin ta shiga allo, suna cunkushe kusa da ƙarafan da ke ɗaukar zafi, ruwan cikinsu na ƙafewa a hankali. Wani zai kumbura, wani zai zubar da ruwa mai ƙarnin kifi ya ci jan ƙarfen allon, wani kuwa ka gan shi fes alhali ya mutu tuni. Shi ya sa mitar ESR, wadda ke auna turjiyar cikin kafasita, ta fi ido gaskiya. Idan na'urarka ta fito tsakanin 1999 da 2007, ƙara sa ido: a wancan lokacin ne kafasita masu gurɓataccen ruwa daga wasu masana'antun Taiwan suka cika duniya, a shekarun ne kuma wasu kafasita masu aibi suka kwantar da Dell OptiPlex GX270 da GX280 da iMac G5 masu ɗimbin yawa.

Abu huɗu za ka dubo a jikin tsohon. Ƙima, wato yawan wutar da yake iya adanawa, misali 2200 µF, ka riƙe ta yadda take. Ƙarfin wuta kana iya hawa, ka sa mai 25 inda mai 16 yake, amma ba a sauka. Sai zafi, wanda shi ne mutane suka fi rainawa. Ana sayar da mai jure zafin maki 85 da mai 105 a ma'aunin Selsiyas, kuma ƙa'idar da masana'antu ke aiki da ita ita ce duk ragin maki 10 na zafi yana ninka rayuwar kafasita. Ɗauki biyu, kowanne an rubuta masa awa 2,000. In cikin akwatin ya tsaya a maki 65, mai 85 zai yi wajen awa 8,000, mai 105 kuwa wajen 32,000. Ninki huɗu ke nan a kan ɗan bambancin kuɗi. Ga wanda zai kunna na'ura a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi ba tare da na'urar sanyi ba, mai 85 ba zaɓi ba ne.

Na huɗu shi ne jiki. Auna faɗi da tsawo da tazarar ƙafafu da rula kafin ka fita. Na zamani sun fi na da ƙanƙanta, don haka yawanci wuri ba ya zama matsala, amma ƙafafun da ba su dace da ramukan allo ba sukan sa mutum lanƙwasa su da ƙarfi har ya buɗe robar gindin.

Game da suna, huɗu ne na Japan da masu gyara suka amince da su: Nichicon, Panasonic, Rubycon da Nippon Chemi-Con. Amma sunan kamfani bai isa ba, domin kowanne na da jeri-jeri. Na bakin fita yana buƙatar jerin da aka yi don akwatin wuta, mai ƙaramar turjiya: FC ko FM ko FR a Panasonic, PW ko HE a Nichicon, YXF ko ZL a Rubycon, KY ko LXZ a Chemi-Con. Haruffan na nan a jikin rigar, kusa da lambar zafi. Ni dai ga akwatin shekarun 1980 na fi karkata ga FC da PW, saboda halinsu ya fi kusa da na asali. Akwai na folima, masu daskararren ciki da ba sa zubar da ruwa, kuma a kan allon kwamfuta suna da kyau ƙwarai. A cikin tsohon akwatin wuta kuwa turjiyarsu kan yi ƙasa fiye da yadda mai zanen ya lissafa, wutar ta riƙa rawa ko akwatin ya kama ƙara. Tsada ba ta nufin dacewa.

A ina za a saya

Kasuwa ta fi sauri da araha, kuma a can jabu ya fi yawa. Sunan babban kamfani a jikin riga ba wuyar bugawa gare shi ba, har akan samu ƙaramin kafasita a ɓoye cikin babban gwangwani. Ɗaga shi ka ji nauyi, duba ko rubutun ya dushe ko ya karkace, in kana da mita tafi da ita shagon. Mai kaya na gaskiya ba zai hana ka aunawa ba. Manyan dillalai irin su Mouser, DigiKey da Farnell kayansu tabbas ne, sai dai kuɗin aikowa kan ninka kuɗin kayan, don haka gara masu gyara biyu ko uku su haɗa oda. Ƙunshin da ake haɗawa don takamaiman na'ura yana rage wahala, da sharaɗin mai sayarwa ya faɗi kamfani da jeri, kuma ka buɗe akwatinka ka gwada lissafin, domin kwamfuta iri ɗaya kan zo da akwatin wuta na masana'antu daban-daban. Cirowa daga mataccen allo kuwa, ko tsohon ajiya da ya shekara 20 a kanta, sai dai don gwaji.

Lokacin da gyaran bai dace ba

Akwatin wutar Commodore 64, wadda ta fito a 1982, misali ne. Yawancinsu an cika cikinsu da roba ta daskare, babu hanyar isa ga kayan, kuma in ya lalace yakan tura fiye da 5 ya ƙona ƙwaƙwalwar na'urar. Wannan sabo ake saya masa. Haka idan tiransifoma ta ƙone ko allon ya cinye.

Amma kada ka ɗauka duk sabon akwatin ATX, wato irin akwatin wutar kwamfutocin tebur na yau, zai zauna a gurbin tsoho. Na yanzu ƙarfinsu na kan layin 12, alhali na'urorin zamanin Pentium III da Athlon na farko daga layin 5 suke sha, don haka karanta takardar jikin akwatin ka ga amfiya nawa yake bayarwa a 5. Layin -5 da wasu katunan sauti na ISA, tsohon ramin saka kati a allon kwamfuta, ke buƙata ya daɗe da ɓacewa daga sababbi. Wasu Dell na ƙarshen shekarun 1990 kuma soket ɗinsu kamar na ATX ne a ido, amma jerin wayoyin daban ne. A irin waɗannan, canza kafasita shida ko takwas a akwatin asali ya fi araha, ya kuma fi aminci.

Ko wanne ka zaɓa, ƙara ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a lissafin sayayyarka. Ana haɗa shi a jere da wayar wuta a kunnawar farko, da ɗan abin da zai ja wuta a bakin fita maimakon allon kwamfutar. In ya haska ya dushe, ci gaba da awo. In ya tsaya da haske sosai, kashe, akwai inda waya ta haɗe.