Bitamin C mai narkewa a ruwa: akwai daɗin sha, amma ba ta hana mura

Da zarar hunturu ya kama, duk kemis ɗin da ka leƙa a Zariya za ka tarar an jera dogayen robobin nan na bitamin C a gaba-gaba. Na sayi mai miligiram 1000, mai ɗanɗanon lemu. Mai kemis har cewa ya yi, "Hajiya, in kina shan wannan kullum, ke da mura sai dai ki gani a jikin wasu."

Wajen sha ba ni da ƙorafi. Ka jefa ƙwaya ɗaya a kofin ruwa, ta yi ta tsuwa tana kumfa har ta narke, ruwan ya koma kalar lemu. Lambar NAFDAC na jikin robar. Sai dai a riƙa rufe ta gam, don in danshi ya shiga ƙwayoyin mannewa suke yi.

Mura kuwa ta kama ni kamar kowa a gidan. Dama abin da binciken likitoci ya nuna ke nan: ga yawancin mutane ba ta hana kamuwa, iyakarta ta ɗan rage kwanakin murar ga wanda ya daɗe yana sha. Wanda ya fara bayan atishawa ta soma, ba wani abin a zo a gani.

Ba wai jiki ba ya buƙatarta ba. Da ita rauni ke warkewa, rashinta ke sa dasashi zubar da jini, kuma tana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ayon daga wake da ganye. Amma miligiram 75 a rana ya ishi mace, namiji 90. Mafi yawan ragowar 1000 ɗin nan fitsari ke tafiya da shi, da kuɗina a ciki. In aka haura 2000 a rana, sai murɗawar ciki da gudawa, mai tsakuwar ƙoda kuma ya fara jin ta bakin likita.

Abin da mai kemis bai faɗa min ba, sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) ɗin da ke sa ta kumfa ba kaɗan ba ne. Shi ya sa na hana Inna sha, da yake tana da hawan jini.

Ga wanda rashin lafiya ya hana cin abinci, ko wanda likita ya rubuta wa, tana da amfani. Ni dai in ta ƙare ba zan sake saye ba. Gram 100 na goba na ɗauke da fiye da miligiram 200, kuma kuɗin roba ɗaya sai ya cika min leda da goba da lemu, har yara su samu.