Sharhi: Naɗar sauti da REAPER a kan faifan waje, da dalilin da fayiloli ke sauka inda ba a aike su ba

Mai naɗar waƙa ko karatu da kwamfutar hannu ba ya daɗewa kafin cikinta ya cika, daga nan sai a nemi faifan ajiya na waje. Mun yi aiki da wannan haɗin, wato manhajar REAPER ta kamfanin Cockos da faifan SSD (irin wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa) mai shiga ta USB, a kan Windows da kuma Mac. Hukuncinmu shi ne haɗin yana da nagarta ƙwarai, kuma da wuya a sami manhajar kiɗa da ta kai REAPER ba mutum ikon zaɓar inda sautinsa zai sauka. Sai dai ikon nan ya warwatsu a wurare uku daban-daban, kuma wanda bai san su ba zai yi ta naɗa yana zaton komai na kan faifan waje, alhali rabin aikin na cikin kwamfuta.

Mu fara kawar da zargin da aka fi ɗora wa faifai, wato rashin sauri. Layi ɗaya na murya (wato track ɗaya) a kan ingancin sauti na 48 kHz da bit 24 yana cin bayit 144,000 a daƙiƙa, kimanin megabayit 8.6 ke nan a minti. Layi 16 a lokaci guda bai wuce megabayit 2.3 a daƙiƙa ba, a awa ɗaya kuwa gigabayit 8 da 'yan kai. Ko tsohuwar ƙofar USB 2.0 tana wuce megabayit 30 a daƙiƙa, balle USB 3.0. Saboda haka idan naɗi ya ɓace ko ya ƙi farawa, sauri ne abu na ƙarshe da za a tuhuma. Adireshi ne ko izini ko wuta.

Wuri na farko yana cikin Preferences, ƙarƙashin General, sannan Paths. Akwai akwatin da ke cewa "Default recording path", kuma a nan ne mutane da yawa ke rubuta adireshin faifan waje su ɗauka an gama. Amma karanta sauran rubutun da ke gabansa: wannan adireshin yana aiki ne kawai idan ba a adana aikin ba tukuna, kuma ba a saita masa wani adireshi nasa ba. Idan an bar shi fanko, sautin aikin da ba a adana ba yana tafiya foldar REAPER Media da ke cikin Documents, wato cikin kwamfuta. Mafi yawan fayilolin da ake cewa sun ɓace suna can kwance.

Wuri na biyu shi ne mai iko na gaske. Danna Alt da Enter a Windows, tagar Project Settings za ta buɗe, ka shiga shafin Media. Akwatin farko shi ne inda wannan aikin zai zuba sautinsa. Abin da ka rubuta a nan yana da fuska biyu. Za ka iya rubuta cikakken adireshi, mai farawa da harafin faifai, kamar E:\Waka\Sauti. Za ka iya kuma rubuta kalma ɗaya tak, kamar Media, ba harafi ba komai. Na biyun shi ne daidai. Ma'anarsa ita ce duk inda fayil ɗin aikin yake, a buɗe folda mai wannan suna kusa da shi a zuba sautin ciki. Ko faifan ya koma F gobe, ko an kai shi wata kwamfutar, aikin da sautinsa suna tafe tare. Bayan ka rubuta, danna maɓallin "Save as default project settings" da ke ƙasa, domin kowane sabon aiki ya gaji wannan tsari.

Wannan maɓallin yana da kaifi biyu, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Idan lokacin da ka danna shi cikakken adireshin wata waƙa ne a cikin akwatin, to daga ranar duk sabon aikin da ka buɗe zai riƙa zuba sautinsa a foldar waccan waƙar. Babu gargaɗi, domin a wajen manhaja kai ka ce a yi haka. Haka ma samfurin aiki da ake adanawa don a riƙa farawa da shi: duk adireshin da ke jikinsa yana bin duk aikin da aka haifa daga gare shi. Idan ka ga sautin waƙoƙi biyar ya taru a folda guda, duba nan kafin ko'ina.

Wuri na uku shi ne tagar adanawa kanta. A ƙasanta akwai zaɓin "Create subdirectory for project", da na "Copy all media into project directory", da kuma na kwashewa gaba ɗaya maimakon kwafa. Fayil ɗin aiki mai ƙarewa da .rpp ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Takarda ce kawai da ke nuna inda kowane sauti yake da inda za a jera shi. Wanda ya naɗa tun kafin ya adana, sannan ya adana a faifan waje ba tare da ya zaɓi kwafa ba, takardar kaɗai ya kai can. A kwamfutarsa komai zai yi ta kunnuwa lafiya, shi ya sa ba a gane matsalar da wuri. Ranar da aka ɗauki faifan zuwa wajen mai gyaran sauti, ranar za a ga layuka fanko an rubuta musu OFFLINE. Mun fi son kwafa a kan kwashewa, domin idan waya ta motsa ana tsakiyar aiki, na asalin yana nan.

Maganin wannan duka ɗabi'a ce guda: a adana aiki kafin a danna maɓallin naɗi. REAPER na iya tilasta maka hakan. A Preferences, ƙarƙashin Project, akwai zaɓin "Prompt to save on new project". Kunna shi. A shafin nan dai ka tabbata zaɓin adana adireshin fayiloli a gajarce yana kunne. Sannan a shafin Recording da ke ƙarƙashin Audio akwai zaɓin da ke nuna adireshin naɗi da ragowar sararin faifai a saman taga. Wannan ɗan rubutun na sama yana cikin abubuwan da suka fi burge mu a manhajar, domin da kallo ɗaya ka san inda muryar mawaƙi za ta sauka kafin ya buɗe baki.

Yanzu ɓangaren da ba laifin manhajar kiɗa ba ne. Windows na raba wa faifan waje harafi gwargwadon wanda ya tarar babu kowa a kai. Yau faifanka E ne. Gobe ka riga ka soka filash, filash ya karɓe E, faifan ya zama F. Duk cikakken adireshin da ka rubuta ya mutu ke nan, ko kuma ya koma nuna filash ɗin, wanda ya fi muni. Gyaran ba ya cin minti biyu: danna dama a kan maɓallin Start, zaɓi Disk Management, danna dama a kan faifan, zaɓi "Change Drive Letter and Paths", ka ba shi harafi daga can ƙarshe kamar R ko X, inda babu mai zuwa ya yi masa gasa. Wannan saitin na kwamfutar ne, ba na faifan ba, don haka sai an maimaita shi a kowace kwamfutar da ake aiki da ita. A Mac babu harafi, sunan faifan ne adireshinsa a ƙarƙashin /Volumes. Sauya masa suna yana karya duk cikakken adireshi, haka kuma idan faifai biyu masu suna ɗaya suka haɗu, na biyun zai sami lamba 1 a ƙarshen sunansa a cikin adireshi, ko da a fuskar kwamfuta sunan bai canza ba.

Tsarin da aka yi wa faifan fomatin da shi ma yana da nasa rawar. NTFS na Windows ne. Mac na karanta shi amma ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Alamar wannan a bayyane take: tsoffin waƙoƙi suna kunnuwa, sabon naɗi ya ƙi. APFS na Mac ne, Windows ba ya ma ganin abin da ke ciki. exFAT kowa na karantawa yana rubutawa, shi ya sa ake yawan zaɓarsa, amma ba ya riƙe littafin bin diddigin rubutu kamar NTFS, don haka fizge waya ana cikin rubutu ya fi yi masa illa. FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4. Layi ɗaya na 48 kHz da bit 24 sai ya yi awa 8 da wani abu kafin ya kai nan, amma sitiriyo a 96 kHz da bit 32 minti 93 kawai yake buƙata. Mai naɗar taro ko doguwar lacca ya kula da wannan. Ra'ayinmu: idan kwamfuta iri ɗaya kake aiki da ita, yi amfani da tsarinta na asali; exFAT sai in dole faifan zai riƙa yawo tsakanin biyun. Kuma fomatin yana share komai, a kwashe kaya tukuna.

Izini ya fi damun masu Mac. Tun daga macOS Catalina na 2019, manhaja sai ta nemi izini kafin ta taɓa faifan waje, kuma wanda ya danna ƙi a ranar farko ba lallai a sake tambayarsa ba. A System Settings, shiga Privacy & Security, sannan Files and Folders, ka nemi sunan manhajar ka kunna mata Removable Volumes.

Sai wuta da barci. Ƙofar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500, ta USB 3.0 kuma 900. Idan aka jera faifai da na'urar shigar da sauti da madannin kiɗa a kan marabar USB guda marar wutar kanta, faifan zai riƙa fita yana dawowa, naɗi ya tsinke. Ba faifan ƙofarsa shi kaɗai, da gajeriyar wayarsa ta asali. A Power Options na Windows, mayar da lokacin kashe faifai zuwa Never, ka kashe "USB selective suspend". A Mac, kashe zaɓin sa faifai barci. Faifai mai juyawa ya fi shan wannan wahala, domin idan ya kwanta yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya tashi, kuma a nan farkon baiti ke iya salwanta. A wannan fannin SSD ya yi masa fintinkau.

To idan an riga an rasa fayil fa? Kada a sake naɗa komai tukuna. Danna Ctrl da B, tagar Project Bay za ta buɗe, shafin Source Media zai nuna kowane sauti da inda yake. Idan aikin ya ƙi buɗewa ma, fayil ɗin .rpp rubutu ne zalla: buɗe kwafinsa da Notepad, nemi layukan da suka fara da FILE, za ka ga adireshin kowane sauti, layin RECORD_PATH kuma zai gaya maka inda aka umarce shi ya naɗa. Wannan buɗaɗɗen tsari babban alheri ne. Da ka gano su, ka sake adana aikin a sabuwar folda tare da zaɓin kwafa. Abu ɗaya kada ya tsorata ka: REAPER na da saitin da ke sakin fayiloli idan ka koma wata taga, sai su nuna OFFLINE na ɗan lokaci, su dawo da zarar ka dawo.

Gargaɗi mai ƙarfi a kan "Clean current project directory" da ke cikin File. Yana lissafo duk sautin da ke foldar wanda aikin da ke buɗe bai yi amfani da shi ba, ya ba ka damar gogewa. Bai san da zaman wani aikin ba. Idan waƙoƙi biyu suna tarayya a folda guda, sautin ɗayar zai fito a jerin abin gogewa.

Idan aka kwatanta da sauran manhajojin kiɗa, Ableton Live ya fi sauƙin fahimta: aikin da ba a adana ba yana naɗa a Temporary Folder, da an adana kuma sauti ya koma Samples/Recorded cikin foldar aikin, sannan "Collect All and Save" ya tattaro na waje. Cubase yana tambayar folda tun a farkon aiki. Pro Tools yana da tagar Disk Allocation mai nuna inda kowane layi zai sauka. A wajen sabon hannu waɗannan sun fi kare shi daga kansa, kuma a nan ne muke rage wa REAPER maki: saitin da suka shafi abu ɗaya bai kamata su rabu gida uku ba. Inda ya rama shi ne adireshi na biyu da ke shafin Media, wanda ke ba da damar a naɗa layi a wuri biyu lokaci guda, ɗaya a faifan waje ɗaya a cikin kwamfuta. Ga naɗin da ba a maimaitawa, kamar taro ko wasa a gaban jama'a, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓarsa. Ana kunna shi ne layi-layi daga saitin naɗin kowane layi, rubuta adireshin kaɗai bai wadatar ba.

Kafin a shigo da mawaƙi, gwajin da muke ba da shawara gajere ne. Soka faifan kafin ka buɗe manhaja, adana sabon aiki a kansa, naɗa daƙiƙa goma, ka buɗe foldar da idonka ka ga sabon fayil ɗin sauti na WAV mai ɗauke da lokacin yanzu. Sannan rufe REAPER, fitar da faifan ta hanyar Eject, kai shi wata kwamfutar ka buɗe aikin. Idan ya kunnu ba tare da ya tambayi fayil ko ɗaya ba, saitinka ya zauna. Kamfanin Cockos yana ba da kwana 60 na gwaji da cikakkiyar manhajar, lokacin da ya ishi mutum ya jarraba wannan duka da faifansa kafin ya biya kuɗin lasisi.