Tsohuwar azurfa ko ruwan gwal ɗin Faransa? Ɗauki azurfar, ƙanwata

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaye ni wanne ya kamata ki saya. Tsakanin munduwar azurfar nan mai haɗe da sarƙar liyari (tsohon kuɗin azurfa) da wancan saitin ruwan gwal ɗin da dillaliya ta ce miki tsohon na Faransa ne, ba sai na ja ki da nisa ba, ɗauki azurfar. Amma ki daure ki karanta har ƙasa dan akwai abubuwan da nake so ki duba kafin kuɗinki ya bar hannunki.

Ina da munduwa guda biyu na goggona ta Garwa, Allah ya jiƙanta, irin masu kaurin nan da bakinsu bai haɗe ba, ko wane ƙarshe da ɗan dunƙulen kai mai kusurwoyi. Da su take daka, da su take dama fura, wanki ma ba ta cire su, to in kika juya cikinsu za ki ga ya yi sumul ƙwarai har zanen da maƙeri ya yi ya shafe a inda yake gugar fata, amma a bayan inda hannu ba ya kaiwa zanen yana nan raɗau da ɗan baƙi kwance a cikin layukan. Ɗayar ma tana da ɗan lotsawa a gefe. Wallahi duk ranar da na saka su zuwa biki sai wata tsohuwa ta kama hannuna tana juyawa tana tambaya ta wace ce, kuma har yau ban taɓa kai su gyara ba, in sun yi duhu ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi shikenan sun dawo. Abin da ya sa kuwa, azurfa ce tun daga waje har ciki, duk yadda ta goge azurfa za ki tarar a ƙasa.

Shi kuwa ruwan gwal na taɓa sayen saiti ɗaya, zafin Marwa na watan Afrilu da gumi da turare suka cinye shi, wuyan sarƙar ya koma jan ƙarfe ɗan kunnen kuma ya dinga sa min ƙaiƙayi. Yana da kyau a hoto, iyakarsa ke nan. Ruwan gwal ɗin da ake ce ma pilake a Faransa kaurin gwal ɗin da ke kai daga maikiron 3 yake farawa, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita, kinga in har da gaske tsoho ne an riga an ci rabin kwanansa, ranar da kika tashi sayarwa kuma ba mai ɗora miki shi a sikeli.

Sai dai fa in saitin gwal ne na gaske ba ruwa ba, nan magana ta canza, dan haka ki duba wajen maƙallin sarƙar ko sandar ɗan kunnen da gilashin ƙara girma. Faransawa tun 1838 suna buga kan gaggafa a jikin gwal mai karat 18, wanda lambarsa 750, azurfa kuma su buga mata kan wata mace mai hular yaƙi da suke kira Minerve. Tambarin mai ƙira in kayan na gaske ne yana zuwa cikin siffa mai tsini huɗu kamar an karkata murabba'i, na ruwan gwal kuma murabba'i ne sak. In kin ga GP ko GF shima ruwa ne. Na Saudiya da Dubai da muka saba da su 875 za ki gani, karat 21 ke nan, ko 916 karat 22. Tunda dillaliyar da bakinta ta ce ruwan gwal ne ina ga ba sai kin wahalar da kanki ba.

Yanzu liyarin, nan nake so ki buɗe ido sosai. Kuɗin ƙasar Ostiriya ne, gefe ɗaya hoton sarauniya Mariya Tereza da lulluɓi, ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu, kuma a jikinsa za ki ga 1780. A shekarar ta rasu, to da fatake suka ƙi yarda da wani kuɗi sai mai hotonta sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canzawa, an buga a Biyana, an buga a Landan da Faris da Rum har da Bombai, kuma Biyana har yanzu tana bugawa. Da shi aka yi ciniki a Borno da Wadai da Habasha, shi ya sa ya cika akwatunan kakanninmu daga nan har Njamena. Dan haka duk dillalin da ya nuna miki 1780 ya ce wannan ya haura shekara 240 ki ƙara kuɗi, kar ki yarda, shekarar ba ta nuna tsufa ko kaɗan. Abin da za ki duba shine nauyi, na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa wajen santimita 4, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. In an liƙa masa kunnen rataya nauyin zai ɗan ƙaru, in ya sha hannu zai ɗan ragu, amma in kika ga ya faɗi ƙasa sosai ki ajiye mata abinta. Ki kuma dubi bakinsa ta gefe, na gaske akwai rubutu da ado da suka fito a zagaye, na jabu da aka yi da zubi rubutun yana cakuɗewa, wani lokacin har ki ga layin haɗi da ƴan ramuka ƙanana a fuskar.

Munduwar kuma kar ki ce za ki nemi tambarin 925 a jikinta, maƙeran fari na da ba sa buga lamba, narkar da liyari suke yi ko tsofaffin dalolin azurfa na Faransa su ƙera, wani ya ƙara jan ƙarfe kaɗan wani da yawa, shi ya sa wata fara ce tas wata tana ɗan ja. Ni in na ga wadda aka ce ta kaka da kakanni ce amma da 925 sabo fil a ciki, sai na fi zarginta. Akwai kuma farin ƙarfen nan da wani lokaci ake rubuta masa ALPACA, haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki ne, ko ɗigon azurfa babu a ciki amma a ido kamar su ɗaya, kuma da yawa daga cikin kuros ɗin Agadas, abin wuyan nan na Buzaye, da ake shimfiɗawa baƙi masu yawon buɗe ido da irinsa ake yi. Maganaɗisu ba zai raba miki gardama ba, dan azurfa ba ta kama shi, wannan ɗin ma galibi ba ya kamawa. In ya kama dai kin san ƙarfe ne kin huta.

Wani abin da marasa tsoron Allah ke yi, sai su ƙera sabo su shafa masa abin da zai yi baƙi su ce tsoho ne. Baƙin tsufa a cikin zane yake zama, inda ake taɓawa kuma ya yi haske, na shafawa ko'ina ɗaya yake har cikin munduwar. Ki dubi zoben da liyarin ke rataye a kai, wanda aka daɗe ana sawa ramin ya goge ta gefe ɗaya ya ɗan yi tsawo. Ki kuma lura da inda aka yi liƙi, in toka toka ne mai laushi dalma ce, gyaran banza ke nan kuma yana rage daraja.

Kar ki biya a gida ko ta waya. Ki ce wa dillaliyar ku haɗu wajen maƙerin fari wanda ke kika zaɓa ba ita ba, in a Marwa kike akwai su ta wajen masu sana'ar hannu kusa da babbar kasuwa, ya auna miki ko wane yanki daban, ya goga a dutse ya ɗiga asid ɗin gwajin azurfa, mai kyau ja take nunawa. Ki tambaye shi nawa giram ɗin azurfa a ranar, ki lissafa, abin da ya hau sama shine kuɗin aiki da tsufa, a kansa za ku yi ciniki. In ta fara cewa sauri take yi ko wata Hajiya na jiran kayan, ki bar mata.

In kin saya dan Allah kar ki bari a wanke miki ita da asid ta yi fari ƙal, kuma kar ki dirje da toka ko soson ƙarfe, baƙin cikin zanen nan masu tara tsofaffin kaya shi suke nema. Ki naɗe a tsumman auduga, kar ki ɗaure da roba dan tana sa ta baƙi da wuri. Ki turo min hoton gefen liyarin da cikin munduwar kafin ku je wajen maƙerin in duba miki.