Ajin Faransanci na wata uku a WhatsApp: ya ci kuɗinsa, amma a yi hattara da jadawalin maki

Tun da aka rufe zangonmu abokan sana'a suke ta tambayata ko ajin Faransancin nan na WhatsApp ya ci kuɗinsa. Ya ci. Sai dai ba ta inda ake tallarsa ba, kuma ba kowa zan ce wa ya shiga ba.

Ga wadda ba ta san shi ba, wata malama ce 'yar Damagaram da ke aure a nan Kano take gudanar da shi, ita kaɗai, da wayarta. Ana biya sau ɗaya, kuɗin da bai kai na turmin atamfa mai matsakaiciyar daraja ba, sai a sa ki a zaure tare da mutum wajen arba'in, a yi wata uku ana abin da ta kira ƙalubale. Kullum sai kin yi aƙalla minti ashirin na karatu, kafin sha biyun dare kuma ki cike ɗan fom na Google ki faɗi abin da kika yi da tsawon lokacin da ya ɗauke ki. Ranar Juma'a kowa ya turo saƙon murya na minti ɗaya da Faransanci a kan batun da ta zaɓa. Ranar Lahadi ta fitar da jadawali, sunan kowa da makinsa, daga na sama har na ƙasa. Wanda ya yi mako guda shiru a cire shi, kuɗi kuma ba ya dawowa.

Ni sarin atamfa da leshi ne yake kai ni Kwatano, wani lokacin har Lome. A can ba a rasa mai jin Hausa, Zango cike yake da 'yan uwa, dillali kuwa tun kafin ki sauke jaka ya same ki. Amma duk farashin da ya biyo ta bakin dillali da la'adarsa a ciki, rasit da takardun kaya da saƙon da mai shago zai turo miki bayan kin dawo gida kuma duk da Faransanci suke zuwa. Sauran 'yan ajin kowa da dalilinsa: ɗaliban jami'a, wata ma'aikaciyar jinya da ke neman aiki da ƙungiyar agaji a Chadi, da wani Alhaji mai kayan gyaran babur da masu sayen kayansa ke zuwa daga Garwa da Marwa. A makon farko wani ya yi tsokana, wai me za a yi da Faransanci alhali Nijar da kanta ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025. Malama ta ce gaskiya ne, amma dokar ta bar Faransanci cikin harsunan aiki, kuma ya ƙirga maƙwabtan Nijeriya, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, ya faɗa mata wadda ofisoshinta ba sa aiki da shi. Mu dai tun 1996 Janar Abacha ya ce Faransanci ne harshen hukuma na biyu, amma akasarinmu da gaisuwar safe kawai muka fito daga sakandare.

Abin da ya fara burge ni shi ne da Hausa take koyarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duolingo, manhajar koyon harsuna a waya wadda yawancin mutane suke farawa da ita, ba ta da Hausa. Dole ki bi ta Turanci ko Larabci ko wani harshen kafin ki isa ga Faransanci, sai ya zama wahala biyu ga wanda Turancin nasa ma dama-dama ne. Malama kuwa kai tsaye take ɗora abu a kan abin da ke bakinmu. Da aka zo kan namiji da mace a sunayen abubuwa, abin da ke ɗaure wa masu Turanci kai, sai ta ce mu ai da shi aka haife mu, muna cewa rigata da gidana ba tare da mun tsaya tunani ba. Aikinmu kawai mu haddace wanne ne wanne a wajensu, don ba kullum yake dacewa da namu ba. Haka batun kiran babba da jam'i don girmamawa, darasi ɗaya ya isa.

Na biyu shi ne matsin jama'a. Tafiyar kamar ta adashi ce: ba son zubi ne ke sa ki zuba ba, kunyar uwar adashi da idon sauran mata ne. Daren da na dawo daga kasuwa ƙafata kamar ba tawa ba, sanin cewa gobe za a ga gurbina babu komai shi yake sa in jawo waya. Ni kaɗai da tuni na ajiye.

To amma jadawalin nan na Lahadi, wanda shi ake nunawa a tallar ajin, shi ne abin da ya fi rauni a duk tsarin. Minti yake ƙirgawa, mintin da mutum ya rubuta da hannunsa, sannan malama ta yarda a haɗa da makin da mutum ya tara a Duolingo. Ita wannan manhaja da ma tana da gasarta ta mako-mako, mataki goma daga tagulla har lu'ulu'u, kuma duk mai amfani da ita ya san za a iya tara maki da maimaita darasin da aka riga aka iya. Manhajar ba ta ce makinta ma'aunin iya magana ne ba. Mu ne muka mai da shi haka. Akwai wani saurayi da kusan kowace Lahadi shi ne a sama, ana ta yi masa tafi da hotuna. Ranar Juma'a kuwa, in ka saurari saƙonsa, jimla biyu ce yake karantowa daga takarda, har ana jin ƙarar juya shafi. Alhaji mai kayan babur kullum yana can ƙasa, don rabin lokaci mantawa yake da cike fom. Amma shi a shagonsa yake kunna labaran RFI na sauƙaƙan Faransanci, shirin nan na minti goma da ake sa rubutunsa a intanet, kuma duk baƙon da ya shigo daga Kamaru sai ya gwada a kansa, ko za a yi masa dariya. Zuwa wata na uku shi kaɗai ne a cikinmu yake iya ba da labarin abin da ya faru jiya ba tare da takarda ba. Jadawali bai taɓa nuna wannan ba.

Ɓarnarsa ba ta tsaya nan ba. Mata da dama sun janye ne don ganin sunansu a ƙasa mako bayan mako. Dokar cirewa kuma babu uzuri a cikinta. Wata ta haihu a tsakiyar zango, wata aka yi mata rasuwa ta tafi ƙauye inda ba sabis, duk aka cire su. A garin da za a kwana biyu ba a kawo wuta ba, wannan tsauri ya yi yawa. Ko Duolingo, da ta shahara da naci kan kada a tsallake rana, tana da abin da ke rufa wa mutum asiri in rana ta kuɓuce masa.

Inda kuɗina ya fito shi ne saƙon Juma'a. Malama tana saurarar kowa ɗaya bayan ɗaya, ta amsa da muryarta, kuma ba ta gyara fiye da abu biyu a lokaci guda, komai yawan kwaɓar da kika yi. Amsar da ta ba ni a makon farko har yanzu tana wayata: “Hajiya, sannu da ƙoƙari, kalmominki duk daidai ne. Amma kina furta harafin ƙarshe na kowace kalma. Su rubuta shi suke yi, sau da yawa ba sa faɗa. Ki sake turo min, ki haɗiye wutsiyar.” A makon lissafi sai ta koma 'yar kasuwa sak, tana jero farashi da sauri irin na matan kasuwar Dantokpa ta Kwatano, mu kuma mu rubuta lambar mu turo. Casa'in da bakwai a wajensu sai an ce ashirin huɗu da goma da bakwai, ga shi farashin sefa dubbai ne, kafin kanki ya gama haɗawa ta wuce na gaba. Mun sha wuya a wannan mako, amma shi ne makon da ya fi yi min amfani a kan hanya. A ƙarshen zango ta haɗa wa kowa saƙonsa na farko da na ƙarshe a jere ta tura masa shi kaɗai. Wannan ne sahihin ma'aunin ci gaba da ajin yake da shi, kuma babu maki ko ɗaya a kansa.

Sai katunan Anki. Manhaja ce ta haddar kalmomi da wani mai suna Damien Elmes ya fitar a 2006, kyauta ce a Android, ta iPhone ce ake saye. Malama ta shirya mana katunan da kanta, da muryarta a kan kowace kalma, kuma da zarar an sauke su ba sa buƙatar data. Dabarar ita ce kalmar da kika iya sai ta daɗe ba ta dawo miki ba, wadda kike mantawa kuma ta riƙa zuwa a kai a kai. Tana da shafin lissafi da ke ware katunan da suka nuna, wato waɗanda tazarar dawowarsu ta kai kwana 21. Da ni ce mai ajin, wannan lamba zan sa a jadawali maimakon minti, don da wuya a yi mata coge. Matsalar Anki ɗaya, saita ta a waya ya gagari manyan cikinmu, sai da 'ya'yansu suka sa hannu, malama kuma ba ta tanadi bayani mai hoto ba.

Game da alkawarin talla, wai za ki iya Faransanci cikin wata uku, a rage gishiri. Ma'aunin iya harshe da Majalisar Turai ta fitar a 2001 mataki shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma wanda ya yi ƙoƙari a ajinmu bakin A1 ya isa: gaisuwa, gabatar da kai, ciniki, tambayar hanya, karanta gajeren saƙo. Malama ta yi mana gwaji irin na DELF, jarrabawar shaidar iya Faransanci, sashe huɗu, ji da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25, ana cinyewa da 50 muddin ba a samu ƙasa da 5 a wani sashe ba. Mafi yawanmu a ji muka yi rauni. Takardar da malama take bayarwa ta ƙarfafa gwiwa ce kawai. Mai neman shaidar da ofis zai karɓa sai ya tuntuɓi cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française, suna da reshe a Kano, ya ji yadda ake rajistar ta gaskiyar.

A wata na biyu amsar saƙonni ta fara jinkiri, wani lokaci sai wata Juma'ar ta kusa zagayowa. Mutum arba'in sun fi ƙarfin kunne ɗaya. Zauren ma da ba a rufe shi ba ya cika da barka da Juma'a da tallar turaren wuta, darasi ya riƙa nutsewa a ciki.

Mai dalili a hannu, ciniki ko aiki ko karatu, wanda kuma ba ya jin kunyar a ji muryarsa tana tuntuɓe, ya shiga. Mai son ganin sunansa a sama kawai, gasar manhaja kyauta ta ishe shi. Ni na biya na zango na biyu, bayan na faɗa wa malama ra'ayina a kan kwanakin uzuri, ta ce za ta duba. Kafin ki tura kuɗi ki tambaye ta mutum nawa za ta ɗauka a wannan karon. In sun wuce ashirin da biyar, ki jira na gaba.