Don Williams Volume One: mako uku ina juya faifan

Na tashi da muryar Don Williams, mawaƙin kantiri (salon waƙar karkarar Amurka), tun ban san sunansa ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da kaset ɗinsa guda a cikin Fijo, irin na zaɓaɓɓun waƙoƙi da ake haɗawa a kasuwa, kuma in za mu Kano daga Kaduna shi ake ta juyawa har mu wuce Kwanar Dangora. Waƙoƙinsa da suka yi fice duk na san su. Inda mutumin ya faro ne ban taɓa ji ba, sai watan jiya da ƙanena ya dawo daga Ingila ya riƙo mini tsarabar faifan garmaho na hannu, Don Williams Volume One, wanda ya fito a 1973. Na kai tsohuwar na'urar gidanmu aka sa mata sabuwar allura. Yau mako uku ke nan kusan kullum bayan isha'i sai na ɗora shi.

Na ɗauka zan ji ɗan koyo, kamar yadda aka saba da faifan farko na kowane mawaƙi. Allura na sauka kan "Come Early Morning" na gane ba haka ba ne. Muryar nan mai kauri da nutsuwa da na sani a motar Baba, ita ce dai, ba abin da ya rage mata. Da dalili kuwa. An haife shi a 1939 a Floydada ta jihar Teksas, tun daga 1964 ya shafe shekaru yana rera waƙa cikin ƙungiyar Pozo-Seco Singers, bayan ta watse ya ɗan bar harkar, sannan ya shiga Nashville, cibiyar waƙoƙin kantiri, a matsayin marubucin waƙa a wajen mai haɗa waƙoƙi Jack Clement. Lokacin da kamfanin Clement ɗin, JMI, ya fitar da wannan faifai, mutumin ya riga ya haura talatin, da iyalinsa, ya san abin da yake so a ji da wanda ba ya so.

Kiɗan ne ya fi kama ni. A wancan zamani masu haɗa waƙoƙin kantiri a Nashville sun fi son cika waƙa da tarin goge irin na Turawa da 'yan amshi, har mawaƙi ya nutse a ciki. Allen Reynolds, wanda ya haɗa wannan faifai, rage kaya ya yi. Jita ce a gaba, ganga tana bi a hankali kamar tafiyar raƙumi, sai jitar ƙarfe ta Lloyd Green da ke shigowa ta amsa masa baiti ta koma gefe. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai kuntigi ya san yadda tsirkiya ɗaya take ba magana fili, kowace kalma ta fito fes. To haka nake jin faifan nan. Turancina na makaranta ne, amma da wuya wata kalma ta kuɓuce mini, kuma ina jin wannan na cikin abin da ya sa iyayenmu suka riƙe shi, kamar yadda jama'a suka yi cincirindo da ya je Harare a 1997. Ba ya ihu, ba ya gaggawa. Magana yake yi da kai kamar kuna zaune kan tabarma ɗaya.

Waƙoƙi goma ne, duka kusan rabin awa. "The Shelter of Your Eyes", wadda shi ya rubuta da kansa, ita ce ta fara shigar da shi jerin waƙoƙin kantiri da ake yayi, kuma har yanzu ba ta tsufa ba: mutum ne da duniya ta gajiyar, yake samun mafaka a idon matarsa. In ka tuna cewa mai wannan magana ya zauna da mace ɗaya tun daga 1960 har rasuwarsa a 2017, sai ka ji ta ƙara nauyi.

Akwai inda faifan bai gamsar da ni ba. "Endless Sleep" tsohuwar waƙar Jody Reynolds ce ta 1958, labarin budurwa da ta faɗa teku saurayi ya bi ta, kuma irin wannan tashin hankali bai dace da mai murya a kwance ba. Yana rera ta kamar ya ari rigar wani. A gefe na biyu ma akwai waƙoƙi uku a jere da tafiyarsu ta yi kama, har sai da na kwana biyu kafin na iya bambance su. "I Recall a Gypsy Woman" kuwa karinta ya fi na kowacce daɗi, shi ya sa ta karɓu a Ingila a 1976, amma magidanci ne kwance kusa da matarsa yana tuna wata daban, abin da zuciyata ba ta sake da shi ba ko da bakina na bin amshin. Faifan kansa, da yake na hannu ne, yana da ɗan ƙarce a waƙa ta biyu. Mai niyyar saye ya duba shi a haske tukuna.

Sai "Amanda", wadda ta rufe faifan. Bob McDill ne ya rubuta ta, kuma mutane da yawa ta bakin Waylon Jennings suka san ta, don tasa ce ta kai matsayi na ɗaya a 1979. Na saurari duka biyun, na Don na zaɓa. Mai kiɗa ne ya kalli madubi ya ga shekaru sun ja, bai tara komai ba, ya dubi matarsa yana ganin da ta dace da wanda ya fi shi hali. Ina yaro a bayan mota daɗin karin kawai nake ji. Yanzu da nake da 'ya'ya uku, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga mace da ba ta taɓa yi mini gori ba, sai na ji waƙar ta zauna mini a ƙirji. Don Williams bai yi kuka a cikinta ba, bai ja murya ba, ya faɗi abin ne kamar mai amsa laifi a hankali.

Daren Juma'ar da ta wuce uwargida ta shigo da shayi ana cikin waƙar, ta tsaya ta ce, "Abban yara, wai me yake cewa ne ka yi shiru haka?" Na fassara mata baiti-baiti iyakar iyawata. Ta ajiye kofin, ta ce, "To ai ita ba ta ce ta gaji ba, shi ne yake ta lissafi shi kaɗai." Daga nan ta zauna a gefena, ta ce in mayar da allurar farkon waƙar.