Ɗakin igwa mai juyawa: na Ericsson ko na Coles?

Malam, ka tambaya wanne ya fi inganci a jirgin ruwan yaƙi tsakanin ɗakin igwa mai juyawa na Ericsson da na Coles, tunda kusan lokaci guda suka fito. A ganina na Coles ne, duk da na Ericsson ya fi shi suna.

John Ericsson, injiniya ɗan Siwidin da ya zauna a Amurka, shi ya ƙera jirgin Monitor a 1862. Ɗakin igwarsa kamar rumbu yake, an lulluɓe shi da farantan ƙarfe takwas, kowanne kaurin inci 1, da igwa biyu masu baki inci 11 a ciki. Sai dai a kan turken ƙarfe guda na tsakiya yake juyawa, kuma sai an ɗan ɗaga shi daga daɓen jirgin kafin injin tururi ya murza shi. Ranar 9 ga Maris 1862, da suka gwabza da jirgin Virginia a Hampton Roads lokacin yaƙin basasar Amurka, tsayar da ɗakin daidai saiti ya gagara, har masu igwa suka koma yin harbi yana cikin juyawa.

Shi kuwa Kyaftin Cowper Coles na sojan ruwan Birtaniya, tun 1859 ya yi rajistar ƙirarsa. Nasa a kan jerin ƙananan tayoyin ƙarfe yake zaune, gindinsa a nutse ƙarƙashin daɓe. Nauyi ya rarrabu, babu batun ɗagawa, mutane ma na iya juya shi da hannu. Jirgin Huáscar da aka ƙera wa Peru da irin wannan ɗaki har yau yana kan ruwa a Talcahuano ta ƙasar Chile.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne cuta ɗaya ta ci jiragensu: daɓe kusa da ruwa. Monitor ya nutse a guguwa kusa da Cape Hatteras a gaɓar Amurka ranar 31 ga Disamba 1862 da mutum 16. Coles kuma ya dage sai an haɗa ɗakinsa da manyan filafilai na kama iska a jirgin Captain, duk da babban mai zanen jiragen gwamnati, Edward Reed, bai yarda da ƙirar ba. A Satumba 1870 iska ta kifar da jirgin kusa da gaɓar Spain, kusan mutum 500 suka halaka, har da Coles kansa. Jirgin yaƙin Birtaniya Devastation kuwa, da aka kammala a 1873, ya ɗauki ɗakunan igwa irin nasa guda biyu, ba shi da filafili ko ɗaya.